Rasuwar Mai Ƙeya, Alƙaliyar Saman Shafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Malam Muhyiddeen mai shagon kwamfuta a bakin tashar Rano yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da masu murna a ɓoye, rasuwar tsohuwar kwamfutarsa da aka fi sani da Mai Ƙeya. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha huɗu tana aiki.

Marigayiya ƙaramar fuska gare ta, kuma nan darajarta take. Duk shafin intanet da Muhyiddeen ya tsara, gabanta yake fara kawo shi. Abin da ya fito a fuskarta ba tare da an ja shafi ƙasa ba, shi jama'a za su gani. Abin da ya faɗa ƙarƙashin haɓarta kuwa, a wurinsa ya ɓata.

Ba a banza ya koyi wannan ba. Shekarar da ya fara yi wa ƙungiyar manoman albasa shafi, tarbiyyar rubuta wasiƙa ya bi: sallama, gaisuwa ga iyayen ƙasa, ga malamai, ga dattawan ƙungiya, sannan hoton shugaba Alhaji Uzairu cikin babbar riga. Ranar rufe rajistar takin zamani tana can ƙasa. Manoman ƙauyen Fammar suka buɗe, suka amsa gaisuwa, suka rufe. Kawun Muhyiddeen, Malam Shitu, sai bayan kwana biyu da rufewa ya iso, albasarsa ta shekarar ba ta fi goro girma ba. Har yau abin yana ci wa Muhyiddeen rai. Tun daga nan ranar rufewa da wurin rajista suka hau sama, gaisuwa da hoton Alhaji suka sauka.

Jinyarta ta fara da damina. Fuskarta ta koma kore, sai an ɗan mare ta a gefe take farfaɗowa. Ranar Talata ta yi “tsiiii” irin nata na kullum, ta ce “ƙyas”, shi ke nan.

Ko sanyi ba ta yi ba Alhaji Uzairu ya iso, wai ta'aziyya. Ashe saƙo ne: yanzu kowa da waya a hannu, kowa jan shafi yake da yatsa, don haka a mayar da hotonsa sama kafin rajistar bana, ko a ba wasu 'yan Kano aikin. To, a ba su mana! Muhyiddeen yana sanar da cewa mutumin da ya dawo daga gona da laka a hannu ba zai yi ta murza waya yana neman rana a ƙarƙashin babbar rigar wani ba. Muddin shi ke riƙe da shafin, hoton nan ba zai hau ba.

Ta rasu ta bar kibod mai giɓi uku, da linzami ɗaya, da magajinta: kwalin taliya da aka yanka wa taga daidai faɗin fuskarta. Tun Laraba yake kan allon sabuwar kwamfuta yana yanke hukunci.

Ba za a yi mata salla ba, liman ya riga ya ja kunne. Za a raka ta shagon Ramalan mai gyaran rediyo ranar Asabar bayan la'asar, Jummai mai tuya kuma ta yi alkawarin ƙosai ga duk wanda ya zo.

Da gangan aka ajiye ranar a nan ƙasa. Alhaji ya rantse kowa yana karantawa har ƙarshe, to ya zo ya tsaya ya ga masu zuwa. Muhyiddeen dai tabarma ɗaya ya tanada.