Ranar da Na Goge Metal da Toka

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Talata ba. Mu huɗu ne a tsakar gidana a Tambuwal: ni, da uwargidana Rabi, da maƙwabcinmu Baba Mamman, da Alhaji Garba na Kebbe, mahaifin saurayin da zai auri ɗiyata ranar Asabar.

Bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Ina da tsohuwar a-kori-kura da na gada daga yayana marigayi. Tun ranar da aka sa biki na yi wa ɗiyata alkawarin cewa motar baffanta ce za ta kai kayan ɗakinta Kebbe, domin shi ya raine ta tana ƙarama. Saura kwana goma, inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a cikinsa. Mai hankali gareji zai nufa. Ni kuwa (shekara talatin ina riƙe da sito a makarantar firamare, ko alli ɗaya bai taɓa ɓata ba) sai na ce duk aikin da ke da tsari ba zai gagare ni ba. Na sayi littafi, na ja layi, na rubuta matakai goma sha bakwai.

Baba Mamman tsohon bakaniken manyan motoci ne, amma idonsa ya yi rauni, da sanda yake zuwa masallaci. Da ya ji ƙarar sifana ya leƙo ya ce, "Malam, in kama maka?" Na ce masa, "Baba, wannan aikin ido ne. Zauna ka sha inuwa." Ya zauna. Kullum sai ya zo ya zauna, bai sake cewa komai ba.

Mataki na tara shi ne duba metal. Ga wanda bai sani ba, wasu ƙananan ƙarafa ne masu kama da rabin awarwaro, su ke rungume da karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Na ciro takwas, na jera su a kan faifai, kowanne da lambarsa. Ɗaya ya yi zane sosai. Sauran bakwai lafiyarsu lau, sai dai cikinsu ya yi dishi-dishi, launin toka. A wurina wannan sunansa datti, kuma ni da datti ba ma kwana gida ɗaya.

Na aro soson ƙarfe daga madafa, na ɗebo toka, na haɗa da ɗan yashi. Rabi ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, ko tukunyata ba na yi mata irin wagga guga." Na ce, "Ki tsaya kan tukunya, ki bar mini inji." Tun hantsi nake gurza har azahar. Launin tokan ya tafi, wani ja mai sheƙi ya fito. Na ji daɗi ƙwarai, har na rubuta a littafi: an kammala.

Bayan la'asar Alhaji Garba ya iso a kan babur don mu tsayar da lokacin kai kaya. Ya ga inji a warwatse. Don in kwantar masa da hankali na ɗauko faifan na ajiye a gabansa kamar mai gabatar da goron biki. Na ce, "Alhaji, dubi aiki. Ko sababbi ba su kai haka ƙyalli ba." Sannan (nan ne Allah ya kama ni) na miƙa wa Baba Mamman ɗaya, na ce ya taɓa ya ji santsi.

Ya shafa da babban yatsa sau ɗaya. Ya karɓi na biyu, ya bi da farce.

"Malam, wa ya feɗe su?"

Na ce, "Feɗewa kamar yaya?"

"Wanga abin da ka kankare, ai shi ne metal ɗin. Laushinsa shi ka riƙe mai. In ka ga ja ya fito, ya mutu ke nan. Da ka ɗaura su, ko Sanyinna nan kusa ba ka kaiwa."

Alhaji Garba ya duƙufa yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya. Rabi ta shige madafa, na ji murfin tukunya yana rawa. Ni kuwa ina tsaye da toka har gwiwar hannu, ina tunanin abin da zan gaya wa ɗiyata.

Baba Mamman bai yi dariya ba. Ya ce, "Zauna, ɗana. Ni ma ina koyon aiki na taɓa yi, har goma na goge." Ya sa na kai hannunsa kan karanshaf, ya bi shi gaɓa-gaɓa da farce, ya ce bai ci ba. Ya faɗi lambar da za a nemo, washegari Alhaji da kansa ya kawo sababbi. Kwana biyu muka yi muna ɗaurawa, ina karanta masa lamba, yana riƙe da hannuna a kan sifana yana cewa, "Ƙara kaɗan. Tsaya nan." Littafina kuwa na rufe shi.

Ranar Asabar motar ta kai kaya Kebbe, Baba Mamman a gidan gaba, kunnensa a karkace yana sauraron inji. Ɗiyata ta shafa ƙofar motar ta yi wa baffanta addu'a.

Sai daga baya matar Baba Mamman ta gaya wa Rabi cewa bai taɓa goge metal ba a rayuwarsa.

Yanzu na ƙara mataki ɗaya a saman shafin: tambayi wanda ya sani. Kai ma, mai karatu, in akwai tsohon da ke zuwa ya zauna kusa da aikinka yana shiru, don Allah miƙa masa ya taɓa tun kafin ka ɗebo toka. In kuma mun haɗu a kasuwar Tambuwal, mu gaisa kawai, kada ka ambaci soso.