Kwalin Littattafan Malama

"...Ni kam lafiya lau na kwana, maigida. Kai ne dai idonka kamar wanda aka dafa."

Kaka ta faɗi haka ba tare da ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinkinta ba. Jikanta, wanda take kira Dogo, ya ajiye mata zaren da ta aike shi saye, ya zauna bisa buhun ƙyallaye. Sati biyu ke nan da dawowarsa daga ƙasar waje, inda ya yi zangon ƙarshe na digirinsa a musayar ɗalibai. Kwana uku kuwa da shigowar wani saƙo wayarsa, ya kasa buɗewa. Malamarsa ta can ce ta aiko, wadda takardar shaidarta kaɗai za ta sa a ba shi gurbin ƙarin karatu.

"Baƙi na ce, ka kawo mini shuɗi," in ji Kaka. "Wata shida a jirgi da ƙanƙara, ko launi ba a koya maka ba?"

"Baƙi ne, tsohuwa. Idonki ne ya yi ritaya bai sanar da ke ba."

"Idon da ya hango hannunka na rawa tun daga ƙofa? Zo ka sa mini zare a allura in gani."

Ya gwada sau uku, ya kasa.

"Kai, na yi asarar miji! Me suka yi maka a can? Duka?"

"Wa zai dake ka? Can ɗalibi na cin abinci a aji, ya kira farfesa da sunansa tsirara, farfesan ya amsa yana murmushi. Maƙwabcin ɗakina sai da ya duba littafi kafin ya ce zai sha shayi da ni ran Laraba."

"Ƙarya kake, ɗan nema!"

"Wallahi. Na gaishe da mutum a matakala, ya tsaya yana jiran in faɗi abin da nake so."

"Ya ga fuskar mayunwaci ne. To ita malamar da ka kasa buɗe saƙonta, me ka ci mata?"

Dogo ya sosa ƙeya.

"Sa'arki ce, Kaka, kanta fari fat. Na gan ta tana hawa bene da kwalin littattafai, tana haki. Ban yi wata-wata ba na fizge kwalin, yadda kika koya mini. Ta tsaya gaban ɗalibai kusan talatin ta ce, 'Na ce maka na kasa ne?' Ta karɓe kayanta. Washegari na taho. Ke kika jawo mini."

"Ni? Ni cewa na yi ka karɓi kayan babba, ban ce ka yi fashi da rana ba. Kawo wayar."

"Ba ki iya yarensu ba."

"Ni da na yi wa matar jakada ɗinki? Har mafarki nake da shi."

Kafin ya ankara ta zare wayar daga aljihun rigarsa, ta dangwala masa ita a yatsa don makullinta ya buɗe, ta shiga latse-latse da babban yatsanta mai kanta. Ta riƙe ta a juye, ta gyara murya.

"Ta ce: 'Zuwa ga dogon banza. Mun ƙirga cokulanmu, biyu babu. Kuma wanda ya ga kakarka ya san ta fi ƙarfinka, a nemo mata saurayi mai mota.'"

"Kaka, ba ni! Kin buɗe fa!"

Ya karɓe don ya rufe, amma ido ya riga ya faɗa kan layin farko. Ya bi sauran layukan da ido. Kaka ta ɗaga ƙafa daga keken.

"To?" Muryarta ta sauka. "Faɗa mini, ɗan nan."

"Ta aika takardar tun ran Litinin." Ya share hanci da bayan hannu. "Ta ce kwalin da nauyi, bayanta ya yi kwana biyu yana ciwo. Wai in na koma in fara tambaya, za ta ce e."

"Ka gani? Tsofaffi duk ɗaya muke, a tambaye mu kawai muke so."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ya kwana uku bai yi ba.

"Kin ci, amarya. Me zan saya miki?"

"Baƙin zare," ta ce, ta mayar da ƙafa kan keke. "Kuma ka tambayi mai shagon kafin ka fizga."