Yadda Ake Ciro Safayar Karaban Ba Tare da Suruki Ya Gani Ba

Ku yi mini afuwa. Ni ba makanike ba ce, ban taɓa riƙe sifana ba, kuma wannan ne karo na farko da na rubuta abin da ba malamar makaranta ce ta sa ni ba. Amma na yi maka alkawari, kai babban ma'aikaci da gwamnati ta turo kwas Landan a wannan shekara ta 1975: in ka bi matakan nan, tayar safaya za ta fito daga ƙarƙashin karaban ɗinka. Tayar kam za ta fito, ko shakka babu.

Misalina wani mutum ne a Woolwich, mu kira shi Malam Zailani. Ba mu haɗa komai da shi ba.

Mataki na 1: Sayi karaban.

Karaban ɗaki ne mai taya, Turawa ke ɗaura shi a bayan mota su tafi bakin teku su sha sanyi da gangan. Kada ka tambayi kanka abin da za ka yi da shi a Kano. Kuɗin mai ya shigo, tambaya ta matsiyata ce. Abokin kwas ɗinka ya aika da Marsandi gida, wani ya aika da firji uku. Kai ka aika da ɗaki sukutum.

Mataki na 2: Rubuta wa surukinka wasiƙa.

Malam Zailani ya rubuta wa Alhaji Nata'ala, mahaifin matarsa Luba, mai manyan motoci arba'in a Kano. Ya ce masa a Landan ko ƙusa ba ya ɗauka da hannunsa, yana da Bature na musamman mai yi masa aikin ƙarfi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, in ji mutane. Ka bar su. Furen ma ya isa a yi ado.

Mataki na 3: Ji tsoro.

Za a gaya maka jiragen ruwa na yin wata da watanni a bakin tashar gida kafin a sauke kaya, kuma duk abin da ke rataye a waje yakan yi ƙafa. Safayarka kuwa a ƙarƙashi take, cikin wani keji na ƙarfe. Dole a ciro ta a adana. A gida da direba ka kira, direba ya kira karen mota. A nan ka waiwaya dama ka waiwaya hagu, za ka tarar kai ne karen motar.

Mataki na 4: Kada ka karanta littafin bayani.

Malam Zailani yana da 'ya, wata shiru-shiru mai tabarau, wadda ke karanta duk abin da ta gani har bayan kwalin shayi. Ranar Asabar da tsakar rana ya miƙa mata littafin da aka haɗo shi da karaban ɗin ya ce ta riƙe.

"Baba, a shafi na sha biyu an ce..."

"Ke! Ni za ki koya wa mota? Ina tuƙi tun ba a haife ki ba."

Ta rufe littafin. 'Ya ta gari ke nan.

Mataki na 5: Shiga ƙarƙashi.

Ka leƙa lungun bayan gida ka tabbata ba ɗan Najeriya. Turawa ba komai, ba su san kowa naka ba. Ka tuɓe babbar riga. Ka cire takalmanka masu ƙyalli ka jera su a gefen karaban kamar a ƙofar masallaci, don kada giris ya ɓata su. Ƙafafun nan huɗu na kusurwa da ake saukewa don karaban ya tsaya daram, ka manta da su. Sai ka kwanta rigingine ka ja jiki.

Malam Zailani ya sami wani noti mai tsatsa ya kama kokawa da shi. Rabin sa'a yana murɗawa, tsatsa na zuba masa a ido, notin ko gezau. Yana cikin haka ya ji tasi ta tsaya a bakin lungu, sannan ya ji wata sallama da ya sani ko cikin barci.

Alhaji Nata'ala ya zo Landan ne a duba masa ido, ya sauka wurin abokinsa a Barking. Sai washegari Lahadi aka shirya zuwansa gidan. Amma tsoho ba ruwansa da wani booking.

Mataki na 6: Naɗe ƙafafunka.

Nan fa wurin yake. In ka fito, surukinka zai ga Baturen da ka ce kana da shi, da singileti da giris har gira. Malam Zailani ya janye ƙafafunsa ya ƙame.

"Luba, ina maigidan?"

Inna, wato Luba matarsa, ta dubi sama ta ce, "Ya ɗan shiga nan kusa, Baba."

"To, nuna mini ɗakin nan mai taya."

Alhaji ba ƙaramin mutum ba ne. Da ya taka ciki, karaban ya yi ƙasa, safayar ta sauko ta sumbaci ƙirjin Malam Zailani. Duk inda tsohon ya taka, surukinsa na jin sawun a haƙarƙari. Ya buɗe kabad ya rufe. Ya gwada gado, ya tashi, ya sake gwadawa.

"Ikon Allah! Har da famfo? Azahar ta yi kuwa. Bari in yi alwala a nan."

Ga wani ilmi da ba a koyarwa a kwas: ruwan famfon karaban ba ya zuwa ko'ina. Ɗan bututu ne ke sauke shi ƙasa, daidai inda fuskar mai ciro safaya take. Alhaji kuwa ba ya gaggawa a ibada, ga shi ya ci goro tun safe. Kurkurar baki sau uku. Shaƙa da fyacewa sau uku. Malam Zailani ya runtse ido ya karɓa, yana ambaton Allah a zuci. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Mai ciro safaya yakan sha romon.

Mataki na 7: Gaisa.

Bayan sallah, karaban ya ɗaga. Malam Zailani ya ji an ce, "Luba, riƙe mini rigar nan." Sai haske ya ragu ta gefe guda, wani jiki ya silalo a hankali ya kwanta kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa.

Suruki akan durƙusa masa. Wanda ke kwance bai da inda zai ƙara yin ƙasa.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, Zailani. Ya aiki?"

"Da godiya."

"Ina Baturen naka?"

"Ya... ya tafi holide."

"Madalla. Na ga ya bar takalmansa a waje. Irin waɗanda na saya maka ranar ɗaurin aure."

Tsohon ya shafa ƙarfen keji da tafin hannu, kamar mai shafa doki.

"Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashin mota, hanyar Kano zuwa Nguru. Da abin da na samu a kwance haka na ciyar da matarka. Ba kwanciyar ce abin kunya ba, ɗana. Abin kunyar, notin da kake kwancewa na burki ne."

Suka fito. Alhaji ya tsuguna a gefen karaban, ya zare wata 'yar sakata da yatsa biyu, ya ja. Kejin ya zamo waje salin alin da tayar a kansa, kamar an jawo durowa. Ashe tun farko ba a shiga ƙarƙashi.

Mataki na 8: Adana ta.

A wuri mai inuwa, nesa da danshi da hita. Flat ɗin Malam Zailani ba shi da irin wannan wuri, sai aka kwantar da ita a tsakiyar falo, aka rufa mata zane, aka ɗora faranti. A kanta suka ci tuwon semo da yamma, mai gidan bai ɗago kai ba sai da Alhaji ya tura masa tsokar nama gabansa.

"Amma ina mamaki," in ji tsohon yana suɗe hannu. "Bature ba ya sayar da ko ashana ba takarda. Duk gidan nan ba wanda ya karanta?"

Malam Zailani ya fara juyo da kai sannu a hankali.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin ciwon haƙarƙari ba, ko jan ruwan goro a singileti, ko burkin da ya ƙi kamawa a hanyar Zariya. Ba ta san Malam Zailani ba, ba ta san shafi na sha biyu ba. In wani ya tambaya, kwanuka ta tafi wankewa, kuma tun kafin kan nan ya gama juyowa ta bar tabarau a kan kujera ta bi ta ƙofar kicin.