Garkuwar 'Yanci da Agogon Dafa Ƙwai

Duk faɗin jihar Ohio ta Amurka ba a taɓa haifar mai ƙaunar 'yancin faɗar albarkacin baki kamar Mista Vernon Pruitt ba. Da bakinsa ya faɗa, wa kuwa ya isa ya musa? Shekara tara yana shugabantar ƙungiyar masu gidajen unguwa. Ya laƙaba wa kansa Garkuwar 'Yanci. A bayan idonsa kuwa Lasifika ake ce masa, saboda tsananin ƙauna.

Adalcinsa ya kai a taron wata-wata kowa yana da damar magana, minti uku cur, da agogon dafa ƙwai na matarsa. Shi shugaba agogo ba ya hawa kansa. Minti arba'in yake kwashewa yana kukan yadda ake toshe bakin talaka a wasu ƙasashe.

Vernon ne ya sa aka liƙa kyamara mai ɗaukar murya a kowane turken lantarki. "Mai gaskiya ba ya gudun kyamara," in ji shi. Shi kuma ya rubuta dokar kalaman ƙiyayya: duk wanda ya ci zarafin maƙwabci saboda asalinsa ko ra'ayinsa, babu shi babu muƙami.

Ana saura mako biyu zaɓe sai ga wata ta fito neman kujerarsa: Misis Odile Baranski, tsohuwar direbar motar 'yan makaranta. Ranar Asabar kuma aka tarar da allon da ya kafa a ƙofar gidansa, mai ɗauke da hotonsa da kalmar 'YANCI, kwance a ciyawa, fuskar ta yi raga-raga.

Vernon ya ji wani daɗi har cikin ƙashinsa. Wa ke tafiya da kare ta nan kullum safiya in ba tsohuwar ba? Dokarsa ta hau kanta, ya zarce babu hamayya.

Ya tara jama'a a zauren ɗakin karatu, har da sayo donot, fanken Turawa. "Ba allo aka taka ba, 'yan'uwa, tsarin mulki aka taka! Wannan laifin ƙiyayya ne." Ya rantse bai leƙa hoton da kyamara ta ɗauka ba tukuna, don kowa ya gani tare da shi. A ƙara murya, ya ce.

Aka ƙara. Ga safiyar Asabar, ga ƙatuwar motar Vernon tana fitowa da baya, gilashi a sauke, shi kuma waya a kunne. Muryarsa ta cika zaure tar. Mutanen unguwar nan tumaki ne, in ji shi, donot ɗaya ya ishe su ƙuri'a. Ita kuwa tsohuwar 'yar Poland, ta koma inda kakanninta suka fito. Daidai nan taya ta bi ta kan fuskarsa ta allo, ya wuce abinsa bai ko waiwaya ba.

Masu donot a hannu suka ajiye a hankali.

Vernon ya miƙe yana cewa a kashe, wannan keta sirri ne, kuma yana da 'yancin ya yi bayani. Misis Baranski ta yarda ƙwarai. Ta jawo agogon ƙwai gabanta ta murɗa.

"Ga fili, Vernon ɗana. Minti uku."

Yana tsakiyar gaishe da manyan baƙi ƙwai ya nuna.