Ranar da Na Jingina da Danfo

Har yau ban yafe wa direban danfon nan ba. Sani tela ne ya roƙe ni in sa farar shaddar da ya ɗinka wa wani ango, a ɗauke ni hoton talla a Agege.

Mai hoto ya ce, "Oga, tsaya kawai."

Ni da na sha gwaji gaban madubi? Na ɗaga haɓa, na harɗe ƙafa, na jingina da wata danfo, motar hayar nan ta Legas, ina kallon sama kamar mai unguwar. Kwandasta ya buga ƙofa yana kiran fasinja, "Oshodi!" Mota ta tashi, ni kuwa sai cikin kwata, tsamo-tsamo. Mai hoton nan ko hannu bai miƙo ba, ɗauka kawai yake.

Yanzu ko da bangon masallaci na jingina, sai wani ya ce, "Ku riƙe shi, ginin zai tashi!"