Muryar Babur ɗin Malam Ummaru

"Sannu da turi, sarkin tsere! Yau kuma babur ɗin ne ya hau ka?"

Aƙilu makanike ne ya jefo gaisuwar daga rumfarsa da ke bakin hanyar Kafur a Malumfashi, bai ko ɗago daga tayar da yake ɗaurawa ba. Rabe ya jingine tsohon babur ɗin, ya cire hula ya share gumi. Taubasai ne, mahaifiyar Aƙilu ƙanwar marigayi Malam Ummaru ce, mahaifin Rabe. Furfura ta fara tsiro wa kowannensu, amma har yau ba su iya gaisawa ba tare da an yagi wani ba.

"Bawa, haka ake gaida ubangida? Ajiye tayar nan ka durƙusa."

"In durƙusa wa mutumin da tunkiya ta wuce a tsere?"

"Rago ne. Kuma a firgice yake."

Labarin ya riga ya zaga gari. Idan aka kawar da amfanin gona, samari kan taru a miƙaƙƙen titin bayan gari, babura biyu su jera, a saki kuloci lokaci guda daga kwalbati zuwa gindin tsamiya. Azeez mai sayar da kayan gyara ne ya ce a gaban jama'a babur ɗin Rabe ba ya iya komai sai dakon taki. Rabe, da 'ya'yansa har sun isa aure, ya ji abin ya tsaya masa a wuya, ya turo babur wurin taubashinsa a yi masa saitin gudu.

"Kai ka kashe shi," in ji Rabe.

"Ni? Wa ya zo nan yana rantse-rantse, 'Aƙilu, buɗe masa maƙogwaro, so nake ya sha mai kamar raƙumi'? Na zare silin wayar birki na faɗaɗa ramin jet da mai ke bi, na ɗaga allura, na cire soson da ke tace iska, kafireto ya zauna baki buɗe yana jiran titi. Me na ce maka bayan nan?"

"Ka ce in sayo maka tsire."

"Bayan tsiren."

"Ka ce kar in kai shi gona."

"Sai ka kai shi ina?"

"Masussuka ai ba gona ba ce."

"Masussukar waken suya, jama'a! Da safiyar ranar tseren! Injin sussuka na feso ƙaiƙayi, kai ko ganin tafinka ba ka yi, ka kafa babur mai buɗaɗɗen maƙogwaro a tsakiya, a kunne, kana ɗora buhu."

"To in bar wakena a daji? Babur na tsaye a zaure yana kallona kamar baƙo? A gidanmu ba a ajiye mai lafiya ranar sussuka, ko ango ne."

Aƙilu ya jawo babur ɗin, ya kwance kafireto, ya buga shi a tafin hannunsa. Ƙaiƙayi ya zubo, baƙi ƙirin da mai.

"Ga abin da ka ciyar da shi. Wannan ko akuya sai ta nemi ruwa ta kora."

"Amma dai ka ga tashina."

"Na gani, wallahi. Tayar gaba ta ɗaga, babbar riga ta cika da iska, na ce yau ɗan Kawu zai sauka a Funtua. Sai na ji tari. Na ɗauka kai ne, ashe babur ne. Azeez ya kai tsamiya, ya sha fura, ya dawo ya tambaye ka ko a ja ka."

"Ya tsorata ne. Ya ga abin da zai faru da a ce ban tausaya masa ba."

Aƙilu ya yi dariya har da buga cinya. Ya jira ramuwa, bai ji ba. Da ya waiwaya sai ya ga Rabe ya zauna a kan benci yana murza hula, idonsa a kan tankin babur ɗin, inda gwiwar Malam Ummaru ta cinye fenti tun shekarun baya.

"Ba tseren ya kawo ni ba," in ji Rabe. "Tsohuwarmu ce, Inna."

Aƙilu ya ajiye kafireton.

"Ka san idonta ya tafi. Ka kuma san yadda Malam yake yi in ya dawo, ba ya kashe babur nan take, sai ya bar shi a ƙofar gida yana ɗan bugawa a silo, tuf, tuf, tuf, kamar mai sallama. Tun da ya rasu haka nake yi. Kullum la'asar tana bakin zaure a kan tabarma. Da ta ji, sai ta ce a kawo ruwa, an dawo. Ba ta taɓa cewa wa ya dawo ba, ni ma ban taɓa tambaya ba."

"To?"

"Ranar da ka taɓa shi na tsaya a ƙofa yana ihu kamar injin markaɗe. Ta ce wane baƙo ne. Na ce ni ne. Sai ta ce, 'Ka sayar da na Malam ke nan.' Na rantse shi ne, ta ce to. Tun ranar ba ta sake fitowa da tabarmar ba."

Wata motar masara ta wuce, rumfar ta girgiza. Aƙilu ya daɗe yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti.

"Ramin da na faɗaɗa ba ya komawa," ya ce. "Amma jet ana sakewa, soso yana nan a kwali. Matsalar sukurori biyun nan ne, na silo da na iska. Kawu da bakin wuƙarsa yake saita su, da kunnensa. Ko ni da na koyi aikin nan, in na kai hannu sai ya make ni."

"Ka sa alama kafin ka murɗa?"

Aƙilu ya sosa ƙeya.

"Makanike!" in ji Rabe. "Ɗan mace dai ɗan mace ne. Ko mai yankan farce yana duba inda ya faro."

"Kana tsaye a kaina kana cewa in yi sauri kafin Azeez ya rufe shago ya kasa jin ƙara! Tsoho da kai, da gemu, da suruki a hanya."

"Kai da ka fi ni hankali me ya hana ka hana ni?"

"So nake in ga an kayar da kai," in ji Aƙilu. Bai yi dariya ba. "Ban tuna da Inna ba."

Ya miƙe, ya nufi nasa babur da ke bayan rumfa, irinsu ɗaya da na Malam, ya kwance masa kafireto ya zaro jet ɗinsa. Ya wanke kafireton Rabe da fetur, ya hura, ya sa masa jet ɗin, ya ɗaura, ya mayar da soso. Sannan ya soka sukundireba a aljihu ya ja ƙyauren rumfa.

"Hau baya. Kunnen da ya san saitin nan yana gidanku."

"Ubangida a baya?"

"Buhun wake ma a baya yake zama."

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka isa. Aƙilu ya shiga ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce aiki ya kawo mata, shi ya ɓata, ita za ta gyara. Da ƙyar ta yarda aka riƙo hannunta zuwa bakin zaure. Rabe ya shimfiɗa tabarmar da kansa. Aka tayar da babur, Aƙilu ya tsuguna ya kafa sukundireba.

"Yana haki," in ji Inna. "Na Malam ba ya haki."

Ya murɗa.

"Yanzu kuma barci yake ji."

Ya mayar kaɗan, ya taɓa ɗayan. Ƙarar ta sauka, ta daidaita, tuf, tuf, tuf. Inna ta karkata kai ta daɗe a haka.

"Na Malam ya fi wannan haƙuri," ta ce a hankali. "Amma ɗan gidan ne. Ku bar shi haka." Ta juya wajen tsakar gida. "A kawo ruwa."

Rabe ya kau da kai yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Sannan ya ce, "To bawa, yau da me za ka tayar da naka babur?"

"Da ƙafa zan koma, ranka ya daɗe." Aƙilu ya yi dariya, ya miƙa masa sukundireban da hannu biyu. "Riƙe wannan, na ba ka. In ka sake ganin hannuna kusa da sukurun nan, yi mini abin da Kawu yake yi."