Rasuwar Gwaggo, Sabar Ƙarƙashin Matakala

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta yafe ba, Injiniyan shagon hotuna yana sanar da rasuwar Gwaggo, tsohuwar sabar, wato kwamfutar ajiye hotuna da bidiyon kwastomomi, da ke zaune ƙarƙashin matakala, bayan jinyar da ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Marigayiya mai riƙon amana ce. Duk wanda ya latsa adireshin intanet na shagon a wayarsa yana neman hotonsa ko bidiyonsa, ita ke miƙa masa. Abin da ba ya cikinta ma ba ta cewa babu. Sai ta leƙa kwamfutar ɗakin gyaran hoto, ko ta gidan Injiniya, ta ɗauko ta bayar, ba gori. Maganarta ɗaya ce, "huuu", in kaya ya yi nauyi ta ƙara da "ƙir-ƙir".

Ajalinta ya zo ta hannun ƙanin matar maigidan shagon, wanda har yau ba a gano aikinsa a shagon ba. Zare mata wayar wuta ya yi, ya jona butar shayinsa. Da aka tambaye shi, wai ya ga akwatin ba ya tsinana komai. Allah ya isa.

A lokacin marigayiya tana kan aike mafi tsada a rayuwarta. Injiniya, wanda bakinsa ke mutuwa in ya ga budurwar da ke sayar da magani a tsallaken titi, ya naɗi abin da ke ransa a murya, ya tura mata adireshi. Tana cikin sauke saƙon a wayarta aka yi kisan. Abin da ya isa kunnenta: gaisuwa, gyaran murya, da "dama ina so in ce miki". Tun ranar take kallonsa ta taga, shi kuma yana bi ta bayan layi kamar ɓarawo.

Marigayiya ta bar fayiloli marayu a kwamfutoci daban-daban, suna raye, ba mai kai su, da kwastomomi masu kumfar baki.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi. Makashin ne zai ɗauki gawa a ka, ban da baro, har wurin masu sayen tsoffin ƙarafa. In ya dawo ya zauna bakin ƙofa ya karɓi gaisuwar kwastomomi ɗaya bayan ɗaya, ya bayyana musu akwatin da ba ya tsinana komai. Butarsa za ta raka marigayiya.

Injiniya ba zai samu zaman makoki ba. Zai tsallaka titi ya ƙarasa aiken Gwaggo da bakinsa. In aka ce masa a'a, akwai jana'iza ta biyu, kuma ƙanin matar maigida ya kwana da shiri.